Yadda Ƙwan Kunkurun Teku Ya Ci Mini Gona

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk ranar kasuwar Attantane, da na zauna a rumfa sai wani ya matso da tabarmarsa. Wannan ya tambaye ni ko da gaske ne teku ba ta da ƙarshe, wancan ya tambaye ni ko mutanen can suna cin tuwo, wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ce wai an ce an ɗaure ni saboda ƙwai. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa gutsuren ya je ya ƙara masa gishiri. Tun da na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji biyar kafin babana ya cire ni, bari in rubuta shi sau ɗaya, mai so ya nemi wanda zai karanta masa.

Sai na fara da gonar, don in ba a san ta ba sauran labarin abin dariya ne kawai. Jigawa ce a arewacin gari. Kakan wani mutumin garinmu mai suna Labo ne ya ara wa babana ita tana daji, babana ya sare ta, ya shekara da shekaru yana kai mata taki a kan jaki, ya bar gawo huɗu a cikinta. Duk kaka yakan kai dami ɗaya gidan su Labo, alamar ya san aro ce. Da soja suka karɓi mulki, aka faɗa a rediyo cewa gona ta mai noma ta ce. Daga wannan shekarar babana bai sake kai damin ba. Mu muka manta da zancen, gidan su Labo ba su manta ba.

Sannan farin nan ya zo, na shekarar da aka rufe iyakar Najeriya. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Muka ci abin da ke rumbu, muka ci dusa, muka ci anza, muka toni gidan tururuwa muka kwashe abin da suka tara. Ƙarshe muka ci iri, wanda babana bai taɓa yi ba har ya koma ga Allah. Hanyar Katsina da muka saba bi cin rani a toshe take. Matata Rakiya ta ɗauki yaranmu biyu ta tafi gidan iyayenta a Kanan-Bakashe, ni kuma na yi shawarar bin Tankari, taubashina na Urafan, wanda ke yawon sayar da maganin gargajiya har ƙasar Senegal.

Ana gobe zan tashi Labo ya same ni a bakin rijiya, ya jira har mutane suka taru.

"Nomau, an ce za ka tahi."

"Cin rani za ni, Labo, ba ƙaura ba."

"To madalla. Ni dai ina hwaɗa maka gaban mutane. Doka ta ce gona ta mai noma ta. In ruwa ya sauka ka zo ka shibka, taka ce. In ba ka zo ba, ni ina da iri."

Na ce masa kafin hadarin fari ina gida. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Guzurin da Rakiya ta haɗa mini kafin ta tafi ƙwarya ce da ludayi mai dogon hannu, ba abin da za a zuba a ciki.

A Mayahi muka hau kamyo, babbar motar kaya. Ba mu yi nisa ba jandarma suka tsayar da mu a bariyar, shingensu na kan hanya, suna tambayar kowane namiji inda za shi, don a lokacin ba a son majiya ƙarfi su watse su bar garuruwa. Tankari ya kwance jakarsa, ga fatar damo, ga saiwoyi, ga ƙahon gada. Ya ce ni mai ɗaukar masa kaya ne, kuma ba ni da cikakken hankali. Jandarman ya dube ni, na yi iyakar ƙoƙarina in tabbatar da maganar. Ya ja Tankari bayan mota suka yi ƙus-ƙus, ashe maganin ƙarin girma yake so. Da muka wuce na ce wa Tankari ya ci mutuncina.

"Kai dai gode Allah," in ji shi. "Ko gardama bai yi ba da ya kalle ka."

Daga Maradi zuwa Yamai abin da na gani mutane ne a bakin hanya, Buzaye da Fulani ba dabba ko ɗaya a bayansu, zaune kawai suna kallon motoci. A Yamai muka kwana biyu a tasha muna cin garin rogo da ƙuli. A iyakar gaba kuma na jawo wa kaina. Wani soja, yaro ɗanye, ya tambaye ni da Faransanci ko na san ƙasar da nake shiga. Don in nuna na yi lakwal, na ba shi sunan da mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana. Ashe sojan can sun sake wa ƙasar suna ba da daɗewa ba. Ya tsayar da ni a rana ina maimaita Burkina Faso har direba ya zo ya ba shi haƙuri. Tankari ya ce yanzu ya tabbata bai yi wa jandarman Mayahi ƙarya ba.

A Bamako muka sauka gidan wani tsoho mutumin Tawa da ke karɓar baƙin Hausawa. Mu goma sha wani abu a zaure ɗaya, kowa ya yi matashin kai da jakarsa. Matarsa ta yi mana tuwon dawa da miyar kuɓewa, na ci har na ji kunya. Daga nan jirgin ƙasa, kwana biyu a tsaye ko a tsugune, tsakanin buhunan goro da wata mata mai kaji wadda ta ɗora mini kwandonta a cinya ba ta tambaye ni ba. A iyakar Senegal aka ce katin lambata, na rigakafi, ba shi da hatimi, aka yi mini allura a dandamalin tasha, hannuna ya kumbura har Dakar. Ƙasa uku na ratsa duk soja ke mulki, ba wanda ya riƙe ni fiye da yini. Wannan ta huɗun farar hula ke mulkinta, kuma a nan aka riƙe ni.

A Dakar Tankari ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da ’yan’uwansa masu magani, ni kuwa ba ni da abin shimfiɗawa. Aka ce a garuruwan masunta na kudu ana neman masu ɗaukar kaya. Tankari ya raka ni, ya damƙa ni ga wata mata mai banda kifi, Ya Kumba, ya ce zai riƙa leƙowa.

Yanzu ga amsar masu tambaya. I, teku ba ta da ƙarshe, aƙalla ni ban ga ƙarshenta ba. Abin da na fara ji da na gan ta ba mamaki ba ne, haushi ne. Na tuna rijiyarmu mai gaba talatin da ake kwana ana jiran ta tara guga ɗaya, ga kuma wannan ruwan yana ta zuba a kan rairayi ba mai amfana. Na tsuguna in yi alwala, na kurkure baki, na tofar. Washegari da hantsi na fito na tarar ruwan ya janye, ya bar laka da jiragen masunta kwance a ƙasa. Na je na ce wa Ya Kumba, da ɗan Faransancina da nata, farin ya biyo ni har nan. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta kira maƙwabtanta ta ba su labari. Ashe kullum haka take yi, ta tafi ta dawo, sau biyu a yini.

Mutanen kirki ne, ba zan ci amanarsu ba. Abincinsu shinkafa da kifi cikin babban kwano ɗaya, maza da mata kowa ya sa hannu, uwar gida tana gutsura kifin tana jefa wa kowa gabansa. Da farko na ɗauka raini ne, daga baya na gane wanda ta fi jefa wa shi ta fi so. Musulmi da Kirista gida ɗaya, wani lokacin uwa ɗaya, kuma makabartarsu ɗaya. Suna da hatsi irin namu, har da wani mai saurin nuna. Aikina in shiga ruwa iya ƙirji in ɗauko kwandon kifi daga jirgi, in kai wa mata, in juya wanda ke kan banda. Abin da na samu na farko, busasshen kifi ne, na kai wa wani manomi ya musanya mini da wannan hatsin mai sauri. Na tara rabin buhu, na ɗinke bakinsa. Ko ranar da na kwana da yunwa ban taɓa shi ba.

Kudu da garin akwai wasu turaku farare da aka kafa a rairayi, da allo mai rubutu, sannan a cikin ruwa wasu abubuwa jajaye suna yawo kamar tuluna. Na karanta allon ranar da na zo. Ya ce daga nan zuwa bakin kogi wurin gwamnati ne, an keɓe shi. Ba a jefa koma a ciki, ba a sare itatuwan nan masu tsayawa cikin ruwan gishiri, ba a harbin tsuntsu, ba a kama kunkurun teku. Mata kawai aka yarje wa su tsinci ƙananan abubuwan ɓawo da hannu, shi ma da lokacinsa. Akwai masu kaki huɗu da ke tsaron wurin. Na fahimci abin yadda na fahimci gandun daji a gida, inda in ka sare gawo mai kaki zai zo maka. Na ce ni ba ni da koma, ba ni da gatari, ba ni da bindiga, allon nan ba da ni yake ba.

Na so in tashi tun watan bakwai na manoma, kuɗin mota bai haɗu ba sai da wata ya kusa ƙarewa. Labarin da ke zuwa daga gida shi ne ruwa bai sauka ba tukuna. Na lissafa, in na tashi ranar Lahadi, kwana goma ina Attantane. Saura guzuri.

Ranar Alhamis da sassafe na bi bakin ruwa ina tsintar itacen da teku ta watso, na wuce turakun ban ma lura ba. Sai na ga wata sawu mai faɗi ta fito daga ruwa ta hau tudu ta koma, kamar an ja turmi a kan rairayi. Inda ta juya ƙasar a birkice take. Duk wanda ya toni gidan tururuwa ya san ƙasar da aka taɓa. Na sa sanda na soka, ta shige. Na tona kamu ɗaya da rabi, sai ga ƙwai, farare, kewayayyu, ɓawonsu da taushi kamar fata, sun cika rami.

A nan ne ya kamata ku saurara, don abin da na yi kowane ɗayanku shi zai yi. Kun san yadda iyayenmu suka koya mana in mun tarar da sheƙar zabuwar daji. Ba a sa hannu, don in ta ji warin mutum ba ta komowa. Da ludayi ake ɗiba. Kuma ba a kwashewa duka, ana bar mata kaɗan don ta dawo ta ci gaba da zubawa. Na koma masauki da gudu na ɗauko ludayin Rakiya. Na kwanta rub da ciki na riƙa ɗebowa ɗaya bayan ɗaya ina zubawa cikin ƙwarya da rigata. Na bar bakwai a can ƙasa, ban taɓa su ba, na mayar da rairayi na share sawuna. Wallahi ina tafiya ina jin daɗin kaina, ina cewa ga ɗan halal da aka yi wa tarbiyya.

Na dafa biyar in gwada. Ruwa ya tafasa ya ƙone, na ƙara wani, ƙwan nan ya ƙi daskarewa, farinsa ruwa-ruwa. Sai na ɗauki ƙwaryar gaba ɗaya na nufi rumfar Ya Kumba in tambaye ta yadda ake dafa shi. Tana ganin abin da ke ciki ta jefa zanenta a kai. Ta makara. Mutumin da ke zaune a bayan banda yana cin kifi da burodi, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, shi ne shugaban masu kakin, Ajidan Fay.

Bai daka mini tsawa ba. Ya gama cin kifinsa, ya wanke hannu, ya ce in ɗauko ƙwaryar in biyo shi. A buro, wato ofishinsa, ya karɓi katin shaidata da katin lamba ya sa a aljihun tebur, sannan ya ce in faɗa masa abin da na yi. Na faɗa da Faransancin aji biyar, kuma da alfahari. Na nuna masa ludayin. Na ce hannuna bai taɓa ramin ba, na ce na bar mata bakwai, gobe ko jibi za ta dawo ta ƙara.

Ya fara dariya, sai ya ga da gaske nake, ya daina.

"Ba ta dawowa," ya ce. "Kunkurun teku in ta binne ta tafi, ba ta sake waiwayar ramin nan. Ba ta kwanci. Rana ce ke ƙyanƙyashe su. Abin da ka bari shi ke nan abin da ya rage."

Ya ce a da kunkurun nan sukan fito da yawa, bana wannan ce ta farko da suka gani. Ya ce ita ma teku tana fari irin namu, kifin da ubansa ke kamawa a bakin gaɓa yanzu sai an yi tafiyar yini. Shi ya sa aka keɓe wurin, nan kifi ke haihuwa cikin saiwoyin itatuwan, nan tsuntsu ke sheƙa, nan kunkuru ke binne ƙwai. Ya tambaye ni ko a garinmu manomi yana cin iri. Na ce muna ci, bana mun ci. Ya dubi takardar da ke gabansa.

Doka ta ce ya kai ni babban gari gaban alƙali, kuma baƙo irina ba mai tsaya masa, zai iya yin watanni kafin ma a kira sunansa. Ajidan ya ce ba ya son haka. Ya ce zai binne sauran a wani rami kusa da na farko, ko da yake ƙwan da aka juya da wuya ya yi rai. Ni kuma in zauna in tsare ramukan biyu daga dila da karnuka da mutane irina har su fashe, sannan ya ba ni takarduna. Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce wata biyu, ko ƙasa da haka kaɗan.

Na durƙusa masa, ban ji kunya ba. Na ba shi labarin Labo da bakin rijiya. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya riga ya rubuta a littafi, mutanensa uku sun gani, rabin gari sun gani, in ya sake ni yau gobe kowa zai fito da sanda yana soka rairayi. Tankari ya zo ranar Asabar, ya roƙa da yarensu, ya yi tayin maganin ƙarin girma, Ajidan ya ce ya kwashe jakarsa kafin ya duba abin da ke cikinta.

"Ka gudu mana," in ji Tankari da muka fito.

"Da wace takarda? Iyaka ukku, Tankari, duk soja."

"To mi za ka yi?"

"Zama za ni yi."

Shi ya bar noma tun tuni, ba shi da niyyar komawa gida a shekarar. Na rubuta wasiƙa zuwa ga mai garinmu, na ce a faɗa wa Labo ina tafe, a yi mini haƙuri, Tankari ya tafi da ita ya jefa a gidan waya na Dakar.

Haka na zauna. Na nemi izini na saro ƙaya daga wajen turakun, na yi wa ramukan shinge irin wanda muke yi wa garka, mai kauri, ƙayar tana kallon waje. Masu kakin suka zo suna kallo, Ajidan ya ce bai taɓa ganin shinge mai kyau haka ba. Ya Kumba tana aiko mini da shinkafa. Buhun irina na rataye shi a rumfar da na kafa, don kada danshi ya kama shi.

Daga inda nake zaune ina hango wasu manyan jiragen ruwa can nesa, na ƙasashen waje, suna jan koma mai tsawon gari guda. Wani lokaci sukan matso har kusa da jajayen tulunan. Na tambayi Ajidan su fa. Ya nuna mini jirginsu guda ɗaya, kife a rairayi, ya ce rabonsu da isansi, man da jirgin ke sha, tun kafin azumi. Ya ce yana rubutawa yana aikawa. A nan na gane dokar tana da ƙafa ne kawai, iyakar wanda za ta iya kamawa shi ne wanda ke tafiya a ƙasa da ƙwarya a hannu. Duk da haka ban iya cewa dokar ƙarya ce ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da zalunci ne zalla, da na sami wanda zan tsine wa.

Ina kwana na goma sha biyu aka yi ruwan fari a can Senegal. Na ji ƙamshin ƙasa tun kafin ya sauko. Manomi ya san abin da wannan ƙamshin ke yi wa ƙafafunsa. Na tashi na zaga shingen, na koma na zauna, na sake tashi. Bayan kwana kaɗan wani mai kaki ya zo ya ce ya ji a rediyo an yi ruwa mai yawa a ƙasar Nijar, har wajen Maradi, ya ɗauka albishir yake yi mini. Na gode masa. Da ya tafi na yi kuka, kuka sosai irin na yara, ba kowa sai tsuntsaye.

Wata safiya, bayan kwana hamsin da wani abu, na tarar rairayin ramin farko ya lotsa, ga ’yan ƙananan sawu sun bi ta ƙarƙashin ƙaya sun gangara ruwa. Na kira Ajidan. Ya tona da hannunsa a hankali. Ɓawo shida fasassu, sai ɗan kunkuru ɗaya da ya maƙale a ƙasa, bai fi tafin hannun jariri ba, yana ta iyo a cikin rairayi. Ajidan ya sa mini shi a hannu ya ce in kai shi. Na ajiye shi a bakin ruwa, ya ruga ba ko waiwaye, igiyar ruwa ta ɗauke shi. Sannan muka tona rami na biyu, wanda na ɗebo da ludayi. Ko ɗaya bai yi ba. Warin ya sa muka ja da baya.

Ajidan ya ba ni takarduna a wurin, daga aljihun rigarsa, ashe ya kwana biyu yana yawo da su. Ya ce in yafe masa. Na ce shi ma ya yafe mini. Ya Kumba ta cika mini ƙwarya da busasshen kifi, ta ce in na ga ruwa ya janye kada in tsorata.

Ba abin da zan ce game da dawowa sai dai ta yi tsawo. A kowace iyaka soja ya soka wa buhuna ƙarfe, in tsuguna in tsince abin da ya zube. Tun daga Dogon Dutsi na ga hatsi kore shar a dama da hagu, damina mai kyau irin wadda muka shekara uku muna roƙo. Ina ta gaya wa kaina irina mai sauri ne, ko yanzu aka jefa shi zai iya yin wani abu. Na san ƙarya nake yi.

Ban shiga gari ba, gonar na fara zuwa, buhu a ka. Hatsi ya kai mini ƙugu. Labo yana tsakiya da hauya, ƙarƙashin gawon da babana ya bari. Ya gan ni, ya jingina hauyar ya taho.

"Sannu da hanya, Nomau."

"Sannu da aiki."

"Na jira ka. Ruwan hwari ban shibka ba, na biyu ma ban shibka ba, ka tambayi kowa. Rakiya ta zo ta zaga gari neman iri, ba wanda ke da na badawa. Na ukku na shibka."

Na tambaya daga baya, gaskiya ya faɗa. Na je wurin mai gari, ya ce shi ba shi ya yi dokar ba, kuma dokar da ta hana babana kai dami ita ce ta ba Labo. Ya ce in ina so in tafi Mayahi wurin kumandan, amma in sani tambayar farko da za a yi mini ita ce wa ya shuka. Ban je ba. Bayan kwana tara da dawowata wasiƙata ta iso. Da yake ni ne mai karanta wa gari takarda, ni aka kira. Na tsaya a ƙofar mai gari na karanta musu cewa Nomau yana tafe, a yi masa haƙuri.

Labo ya ce yana neman hannu a maimai, in ina so in zo, zai riƙa ba ni abin awo. Na je. Na san kowane kwari da kowane tudu a gonar nan, na fi shi saninta, har nakan nuna masa inda ruwa ke kwanciya.

Abin da yake ba ni bai isa baki huɗu ba. Ran nan na dawo da la’asar na ji sakaina tana ƙara a tsakar gida, na tarar Rakiya ta farke ɗinkin buhun.

"Yara ba su ci komi ba tun jiya," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Na ce ta daka. Mun ci shi cikin mako uku, tuwonsa da daɗi kuwa. Da ta zo ƙarshen buhun ta bar tafi ɗaya, ta ƙulle a tsumma ta soke a tsaikon ɗaki, yadda kowace mace ke yi a garinmu. Yana nan har yau. Damina biyu ke nan muna sauko da shi mu duba ko ƙwari sun shiga, mu mayar, don ba mu da inda za mu jefa shi.